Duma, Ƙaho da Sunan Allah: Inda Kalmomin Ibadar Katolika Suka Samo Asali

A wajajen shekarar 403 miladiyya, a birnin Oea da ke bakin Bahar Rum, inda Tarabulus ta Libiya take a yau, wani bishop ya kusa rasa jama'arsa saboda sunan wata shuka. Ya sa an karanta labarin Annabi Yunusa a coci daga wata sabuwar fassarar Latin da malami Jerom ya yi a Baitalami. Karatu ya tafi salin alin har aka zo wurin da Allah ya tsiro wa annabin da shuka don ta yi masa inuwa a bayan birnin Nineba. Tun iyaye da kakanni, mutanen garin sun saba jin kalmar cucurbita, wato duma. Sai suka ji mai karatu ya ce hedera, sunan wata ciyawa mai yaɗo da ke hawa bango. Nan take wuri ya yamutse. Masu jin Girkanci a cikin jama'a suka ce an gurɓata Littafi. Bishop ya aika a tambayi Yahudawan garin abin da nassin Ibrananci ya ce, su kuma suka goyi bayan tsohon karatu. Ba yadda ya iya, dole ya mayar da duma wurinsa, don kada a watse a bar shi da kujeru.

An san wannan labari ne daga wasiƙar da Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya aika wa Jerom yana jan hankalinsa. Jerom, wanda ba a san shi da haƙuri da masu suka ba, ya mayar da martani mai zafi. Ya ce kalmar Ibrananci ita ce kikayon, shuka mai faɗin ganye da ke girma da sauri a ƙasar Falasɗinu, kuma Latin ba shi da sunanta. Da ya rubuta kikayon yadda take, ba wanda zai gane. Da ya rubuta duma, ya faɗi abin da nassi bai faɗa ba. Masana da yawa a yau suna ganin zurma ake nufi. Amma mutanen Oea ba su kaɗai ba ne a wajen duma: fassarar Girkanci ta dā haka ta ce, kuma Suratus Saffat ta kira shukar da yaƙɗin, wadda malaman tafsiri suka fassara da duma ko kabewa.

Damuwar Agustin ta wuce ganye. Tsoronsa shi ne idan cocin Latin suka koma karanta fassarar da aka yi kai tsaye daga Ibrananci, za su rabu da 'yan uwansu masu jin Girkanci a karatu, kuma in gardama ta tashi babu alƙalin da kowa zai yarda da shi, tunda masu jin Ibrananci a cikin Kiristoci ba su taka kara sun karya ba. Jerom kuwa yana ganin gaskiyar nassi tana a tushensa. Wannan ja-in-ja tsakanin abin da kunne ya saba ji da abin da asalin rubutu ya ƙunsa ita ce ta siffanta kusan kowace kalma da ɗan Katolika yake furtawa a ranar Lahadi, domin kalmomin sun ratso harsuna huɗu kafin su iso bakinsa: Ibrananci, Aramanci, Girkanci da Latin.

Zangon farko shi ne Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin miladiyya. Yahudawan birnin sun fi jin Girkanci a kan harshen kakanninsu, saboda haka aka fassara musu Attaura, daga baya sauran littattafan suka biyo. Riwaya ta ce malamai 72 ne suka yi aikin a zamanin sarki Batlamus na Biyu, abin da ya sa ake kiran fassarar Septuaginta, wato saba'in. Ko riwayar ta inganta ko ba ta inganta ba, zaɓin kalmomin da waɗannan mafassara suka yi shi ne marubutan Sabon Alkawari suka gada.

A Ibrananci, mashiah na nufin wanda aka shafa wa mai, kamar yadda ake zuba wa sarki ko babban firist mai a ka ranar naɗinsa. Mafassaran Iskandariya suka mayar da ita christos, daga aikatau mai ma'anar shafawa. Ga Bayahude, maganar a sarari take. Ga Bagirke wanda bai san al'adar ba, kalmar ta yi kama da abin da aka shafe da man magani, ba ta ɗauke da wata alamar sarauta. Shi ya sa ba a jima ba ta tashi daga laƙabi ta koma kamar suna, har wasu Rumawa suna kuskuren jin ta a matsayin Chrestos, sunan da aka saba raɗa wa bayi, mai ma'anar mai amfani ko nagari. A birnin Antakiya aka fara kiran mabiyan Yesu da sunan da ya zama Kirista. Hausa ta karɓi kalmar ta hanyoyi biyu ba tare da yawancin masu furta ta sun lura ba: Almasihu ya zo ta Larabci daga tushen Ibrananci, Kristi da Kirista kuma suka zo ta Turai daga fassarar Girkanci. Abu ɗaya suke faɗa.

Haka ma kalmar ikilisiya. A Atina ta dā, ekklesia ita ce majalisar 'yan ƙasa, taron da ake kira a yanke shawarar yaƙi da haraji da dokoki, wanda yake zama kusan sau 40 a shekara. Da ita mafassaran suka fassara ƙahal, taron jama'ar Isra'ila a gaban Allah. Babu gini a cikin ma'anarta ko kaɗan. Kalmar da ta shafi gini daban take: kyriakon, abin da yake na Ubangiji, wadda ta bi ta harsunan Jamusawa ta zama sunan ɗakin ibada a Turanci, daga nan Hausa ta mayar da ita coci. Majami'a kuwa daga tushen Larabci na jama'a take, don haka ta fi kusa da ma'anar farko fiye da coci. Siffar katholikos, wato na gaba ɗaya ko wanda ya game ko'ina, an fara ganin an haɗa ta da ikilisiya a wasiƙar da Ignatiyus, bishop na Antakiya, ya rubuta wa Kiristocin Izmir a farkon ƙarni na 2, yana kan hanyar zuwa Roma inda aka kashe shi.

Linjila ta fi su tafiya mai nisa. Euangelion a Girkanci labari ne mai daɗi, musamman na nasarar yaƙi, da kuma tukuicin da ake ba wanda ya kawo shi. Wani rubutu da aka sassaƙa a dutse a birnin Priene na Turkiyya ta yau, a shekara ta 9 kafin miladiyya, ya yi amfani da kalmar wajen kwatanta ranar haihuwar sarkin Roma Augustus. Saboda haka, sa'ad da Kiristocin farko suka kira saƙonsu da wannan suna, suna aron harshen fada ne su ba wani sarki daban, kuma masu sauraronsu sun gane hakan. Kalmar ta shiga Larabci a matsayin al-Injil, Hausa kuma ta haɗiye harafin lam ɗin cikin kalmar kamar yadda ta yi a littafi, labari da liman. Bishara, wadda Kiristoci masu jin Hausa suke amfani da ita, ta fito ne daga tushen Larabci wanda yake ɗan uwan kalmar Ibrananci da Girkawan suka fassara tun farko.

Akwai kuma kalmomin da aka ƙi fassarawa sam. Agustin ya lura da wannan a littafinsa na koyarwar Kirista, inda ya ce an bar amin da halleluya yadda suke ne saboda alfarmarsu ko da yake ana iya fassara su, hosanna kuwa an bar ta don ba ta fassaruwa. Amin ta fito daga tushen baƙaƙe uku da ke nufin kafuwa da tabbata da abin dogara. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan gida, domin daga tushen nan ne Larabci ya ba shi amana, imani, aminci, mumini da sunan Aminu da Amina. Wanda ya ce amin, a asalin ma'ana, yana sa hannu ne a kan magana, yana ɗaukar ta a wuyansa. Mafassaran Iskandariya sau da yawa sun mayar da ita Girkanci da ma'anar ya zama haka, amma Sabon Alkawari ya riƙe ta da Ibrananci, har ya nuna wani salo na Yesu da ba a saba gani ba: yakan buɗe magana da ita maimakon rufewa, kuma a Linjilar Yohanna an ninka ta sau biyu a wurare 25. Justin Shahidi, wanda ya bayyana wa sarkin Roma yadda Kiristoci suke ibada a tsakiyar ƙarni na 2, ya ambaci amin ɗin jama'a a ƙarshen babbar addu'a, har ya tsaya ya fassara wa sarkin. Jerom ya kwatanta ƙararta a cocin Roma da aradu.

Halleluya umarni ne ga jama'a su yabi Yah, gajeren sunan Allah a Ibrananci. Cocin Latin yana ajiye ta a duk tsawon azumin kwana 40 kafin Ista, sai a daren tashin Yesu a sake rera ta. Hosanna ta fi ban mamaki, domin asalinta kukan neman ceto ne daga Zabura ta 118, roƙon mai cewa a cece shi. Yawan rera ta a bukukuwan Haikali ya sa ta juye ta zama kirarin murna, kuma a haka ta shiga labarin shigar Yesu Urushalima. Miliyoyin mutane suna rera ta a kowace Lahadi da fara'a, kalmar kuwa tana neman agaji.

Cocin Roma da kansa ya yi ibada da Girkanci sama da shekara 200. Latin ɗin Kirista a Arewacin Afirka ya fara ƙarfi, kuma mutumin da ya fi kowa ƙera masa kalmomi shi ne Tertuliyan na Kartaj, a wajajen shekarar 200. A rubutunsa aka fara ganin trinitas, wadda ta zama Triniti. Shi ne kuma ya kafa sacramentum a matsayin kishiyar mysterion ta Girkanci, alhali kalmomin biyu ba daga duniya ɗaya suka fito ba. Mysterion asiri ne da ake buɗe wa wanda aka shigar. Sacramentum kuwa rantsuwar da sojan Roma yake yi ranar da ya shiga aiki ce, sannan kuɗin jingina ne da masu ƙara suke ajiyewa kafin shari'a. Da wannan zaɓi, baftisma a tunanin Yamma ta ɗauki kamannin mubaya'a da alkawari mai ɗaure mutum, a Gabas kuwa aka ci gaba da kiran waɗannan ibadu asirai har yau. Adadinsu bakwai bai tabbata ba sai a ƙarni na 12, ta hannun malami Bitrus Lombard na Paris, daga baya majalisun coci suka tabbatar.

Babbar ibadar Katolika tana da sunaye biyu masu bambancin daraja. Eucharistia na nufin godiya, kuma Bagirke na yau da 'yar uwar wannan kalma yake cewa na gode a kasuwa. Amma sunan da ya fi yaɗuwa, Mas ko Misa, daga missa yake, wato sallamar jama'a a ƙarshen taro. A dā ana sallama sau biyu: masu koyon addini da ba a yi wa baftisma ba ana sallamarsu bayan wa'azi, sauran kuma a ƙarshe. Ambros, bishop na Milan, ya riga ya yi amfani da kalmar da ma'anar ibadar a wata wasiƙa ta wajajen 386. Ibada mafi girma a wannan addini ta ci sunan lokacin tashi daga gare ta.

A shekarar 382 Fafaroma Damasus ya ba Jerom aikin gyara fassarorin Latin na Linjila, waɗanda suka yi yawa suka saɓa wa juna. Bayan rasuwar Damasus, Jerom ya koma Baitalami a 386, ya shafe kusan shekara 15 yana fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci. Aikin nan, wanda aka sani da Vulgata, shi ne Littafi Mai Tsarki na Yammacin Turai har shekara dubu. Wani zaɓinsa ya bar alama a dutse. Littafin Fitowa ya ce fuskar Annabi Musa ta yi wani abu bayan ya sauko daga dutsen Sinai, da aikatau ƙaran, wanda yake tushe ɗaya da ƙeren, ƙaho. Ma'anar da aka fi karɓa ita ce fuskar ta yi haske mai fitar da tsirkiya. Jerom ya rubuta cornuta, mai ƙaho, mai yiwuwa da nufin alamar ƙarfi da ɗaukaka. Masu zane suka ɗauki maganar a zahirinta, shi ya sa mutum-mutumin Musa da Michelangelo ya sassaƙa a wajajen 1515, wanda yake cocin San Pietro in Vincoli a Roma, yake da ƙahoni biyu a ka. Tushen nan ne dai a cikin laƙabin Zulƙarnaini.

Ƙahon Musa abin kallo ne kawai. Kalmar tuba kuwa ta taimaka wajen tsaga Turai biyu. Kiran da Yohanna Mai Baftisma da Yesu suka fara wa'azi da shi, a Girkanci, an gina shi a kan metanoia, sauya tunani ko juyawar zuciya. Tsofaffin fassarorin Latin sun mayar da shi da kalmomi biyu, aikatau mai nufin aikatawa da suna paenitentia, Jerom kuma ya bar su haka. A Latin na zamaninsa wannan salon magana yana iya nufin yin nadama kawai. Amma cikin ƙarnuka paenitentia ta zama sunan wata ibada takamaimai: a je gaban firist a furta zunubi, a karɓi gafara, a cika aikin kaffara da ya ɗora, azumi ko addu'a ko sadaka. Don haka mai karatu a ƙarni na 15 yana jin kamar Yesu da bakinsa ya umarci a je a yi wannan ibada.

Lorenzo Valla, masanin Latin ɗan Italiya, ya nuna wannan giɓi a tsakiyar ƙarni na 15. Erasmus ya tsinci rubutun Valla a wani gidan sufaye kusa da Louvain a 1504, ya buga shi, sannan a 1516 ya fitar da Sabon Alkawari na Girkanci a Basel tare da bayanin cewa kalmar tana nufin dawowa cikin hankali. Shekara guda bayan haka, a ranar 31 ga Oktoba 1517, Martin Luther ya fitar da batutuwansa 95 na ƙalubalantar sayar da takardun sassaucin kaffara, kuma batu na farko a kan ma'anar wannan kalma yake. Ɗan Ingila William Tyndale ya fitar da fassararsa a 1526, ya kauce wa kalmomin da coci ya gina ikonsa a kansu: ya sa taron jama'a a wurin coci, dattijo a wurin firist, nadama a wurin kaffara. Thomas More ya zarge shi da cusa bidi'a ta hanyar ƙamus. Ta fuskar Girkanci Tyndale yana da hujja, amma More bai yi kuskure ba da ya hango cewa zaɓin ba na nahawu kaɗai ba ne. An shaƙe Tyndale aka ƙone gawarsa a Vilvoorde kusa da Brussels a 1536, bisa hukuncin bidi'a.

Majalisar Trent ta mayar da martani a ranar 8 ga Afrilu 1546 da ayyana Vulgata a matsayin nassin da ake kafa hujja da shi a wa'azi da muhawara. An daɗe ana fahimtar wannan a matsayin fifita Latin a kan harsunan asali, sai a 1943 Fafaroma Pius na 12 ya bayyana cewa matsayin na doka ne, ya kuma ƙarfafa wa malaman Katolika gwiwa su koma ga Ibrananci da Girkanci. Hausa dai ta tsira daga wannan rigima: tuba ta zo daga tawba ta Larabci, wadda masana da yawa suke danganta ta da kalmar Aramanci mai nufin komawa, ma'anar da annabawan Isra'ila suka yi wa'azi da ita tun farko.

Sunayen muƙamai ba su da tarihi mai jini haka, sai dai duk sun fara da ƙanƙan da kai. Bishop daga episkopos yake, mai sa ido ko mai duba aiki. Kalmar Turawa ta firist daga presbyteros take, dattijo. Dikon daga diakonos, mai hidima a teburi. Pappas kuwa kiran da yaro yake yi wa mahaifinsa ne, kamar baba, kuma bishop na Iskandariya ya riga na Roma amsa shi, tun ƙarni na 3. Hausa ta liƙa masa sunan birnin ta samar da Fafaroma.

Kalma mafi nauyi ita ce wadda ba a furtawa. Sunan Allah na musamman a Ibrananci baƙaƙe huɗu ne, YHWH, kuma ya zo kusan sau 6,800 a Tsohon Alkawari. Tun kafin zamanin Yesu Yahudawa suka daina furta shi a karatu, suna cewa Adonai a madadinsa. Girkanci ya bi wannan al'ada da Kyrios, Latin da Dominus. Dominus daga domus yake, gida, wato maigida, kuma Ubangiji na Hausa a kan wannan hoton aka gina shi, uban gida. Sa'ad da malaman Yahudawa suka sa wa nassin wasula tsakanin ƙarni na 7 da na 10, sun ɗora wasulan Adonai a kan baƙaƙen huɗu don tunatar da mai karatu abin da zai faɗa. Malaman Turai suka karanta baƙaƙe da wasulan a haɗe, suka samar da Jehoba. Masanan zamani suka ce Yahweh ya fi kusa da lafazin asali, fassarar Katolika da ake kira ta Urushalima ta yi amfani da shi, mawaƙan coci suka sa shi a waƙoƙi. A ranar 29 ga Yuni 2008 ofishin Batikan mai kula da ibada ya aika wa bishop-bishop na duniya umarni cewa kada a furta sunan a ibada, ko a waƙa ko a addu'a. Wanda ya sa hannu a takardar ɗan Najeriya ne, Kadinal Francis Arinze, shugaban ofishin daga 2002 zuwa 2008. Duk da haka sunan bai fita daga coci ba, domin gutsurensa yana cikin halleluya, da cikin Iliya, Ishaya da Zakariya, har da sunan Yesu kansa, Yeshua, wanda yake nufin YHWH yana ceto.

Arinze ne kuma ya sa hannu a wata takardar ta Oktoba 2006 kan kalmomi biyu na Latin, pro multis, da firist yake furtawa a kan ƙoƙon inabi. Ma'anarsu domin mutane da yawa, haka kuma Girkancin Matiyu da Markus ya ce. Bayan Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofar ibada da harsunan gida a 1963, fassarorin Turanci, Jamusanci, Italiyanci da Sifaniyanci suka sa domin kowa, bisa hujjar cewa a salon harsunan Yahudawa da yawa yana iya nufin duka. Roma ta ce koyarwar daidai ce, Yesu ya mutu domin kowa, amma wannan tafsiri ne, aikin mai wa'azi, mai fassara kuwa ya tsaya a kan nassi. Masu jin Turanci suka sauya a 2011. Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta wa bishop-bishop na ƙasarsa Jamus doguwar wasiƙa a 2012 yana lallashinsu. Italiya, a ƙofar Batikan, ta fitar da sabon littafin ibadarta a 2020 ba tare da ta sauya ba.

Wahalar ta fi tsanani inda mishan suka isa ƙasar da ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin harsunan huɗu ba. Francis Xavier ya sauka Kagoshima a Japan a 1549, tafintansa ya ba shi kalmar Dainichi a matsayin sunan Allah. Limaman Buddha suka karɓe shi hannu bibbiyu, sai daga baya ya gane cewa sunan babban Buddha na ɗariƙar Shingon yake ta yi wa wa'azi. Ya koma Deus ta Latin, abokan gaba kuma suka riƙa yi masa ba'a, domin a kunnen Bajapane ta yi kama da kalmomin da ke nufin babbar ƙarya. A Sin, Matteo Ricci da 'yan ƙungiyarsa ta Jesuit sun yarda a yi amfani da tsofaffin kalmomin littattafan Sinawa, Tian da Shangdi. Fafaroma Clement na 11 ya hana a 1704, ya tsayar da Tianzhu, Ubangijin Sama, ya kuma haramta bukukuwan girmama kakanni. Sarki Kangxi ya fusata, a 1721 ya rubuta cewa gara a hana Turawa wa'azi a ƙasarsa. Har yau da wannan kalma ake kiran addinin Katolika a Sinanci.

A ƙasar Hausa ba a sha wannan wahala ba, domin Musulunci ya riga ya shimfiɗa kalmomin ƙarnuka kafin zuwan mishan. Tun daga fassarorin J. F. Schön a shekarun 1850 har zuwa cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932 da Dokta Walter Miller ya jagoranta, mafassaran sun tarar da Allah, annabi, manzo, mala'ika, zunubi, gafara da hadaya suna jiransu. Limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta Afirka, waɗanda suka kafa zango a Shendam a 1907, su ma wannan rumbun suka ɗiba. Sauƙin yana da farashinsa, domin kalma ɗaya takan ɗauki akida biyu, kuma abin da Musulmi yake nufi da Linjila ko Ruhu Mai Tsarki ba shi ne abin da ɗan Katolika yake nufi ba. Inda aka ja layi a fili shi ne suna: Kirista yana cewa Yesu, Musulmi yana cewa Isa, dukansu kuma suna cewa Almasihu.

Ba ko'ina aka yi wannan tarayya lami lafiya ba. A Malesiya, gwamnati ta hana jaridar Katolika mai suna Herald amfani da kalmar Allah a shafukanta na harshen Malay. Babbar kotu ta ba jaridar gaskiya a ranar 31 ga Disamba 2009, cikin makonnin da suka biyo aka kai wa coci-coci hari da wuta, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2014. Hujjar cocin ita ce Kiristocin Larabawa da kalmar suke ibada tun dā, kuma 'yar uwar Elohim ta Ibrananci da Alaha ta Aramanci ce, harshen da Yesu ya yi magana da shi. A tsibirin Malta, inda Katolika ne addinin ƙasa bisa tsarin mulki, harshen mutanen daga Larabcin Sisili ya tsiro. Alla suke kira a coci, azumin da suke yi kafin Ista kuma sunansa Randan, daga Ramadan.